Yadda Ake Rubuta Labarin Mashaya Jini: Soyayya da Rikicin Mulki a Birnin Zamani

Labaran bamfaya, wato mashaya jini, sun daɗe da samun gindin zama a kasuwar littattafai ta Amurka da Ingila, musamman nau'in da ake kafawa a cikin birnin zamani mai asibitoci da jiragen ƙasa da wayoyin hannu, inda waɗannan halittu ke zaune a ɓoye cikin mutane da sarakunansu da dokokinsu da tsohuwar gabar da ke tsakaninsu. Masu karatun Hausa da yawa sun san su ta fina-finai, kuma wasu daga cikin marubutanmu da ke sakin labari shafi-shafi a Wattpad da zaurukan WhatsApp sun fara gwada alƙalaminsu a kai. Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wajen haɗa soyayya da rikicin mulki, domin sau da yawa za ka tarar masoya suna ta begen juna a babi guda, manyan fada kuma suna ta ƙulle-ƙullensu a wani babin, har littafi ya ƙare ba tare da ɗayan ya taɓa lafiyar ɗayan ba. Labarin ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai kowane taku da masoya suka yi zuwa ga juna ya girgiza kujerar wani, kowace shawara da aka yanke a fada kuma ta iso har ƙofar ɗakin yarinyar. Matakan da ke tafe duk a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: ka san halittar da ka ɗauko

Bamfaya yana da ƙasarsa da tarihinsa. Asalinsa camfi ne na ƙauyukan gabashin Turai, inda ake cewa wani mamaci yana fitowa daga kabari da dare ya addabi danginsa. A shekarar 1725, sannan kuma a 1732, jami'an daular Ostiriya sun rubuta rahotanni daga ƙauyukan Sabiya inda mutane suka tone gawawwaki suka soke su da itace saboda wannan zargi, kuma ta waɗannan rahotanni ne labarin ya bazu a yammacin Turai. Wancan mashayin jini baƙauye ne mai kumburarren jiki da warin kabari, babu macen da za ta kalle shi sau biyu. Adabin Ingilishi ne ya sa masa tufafin alfarma: gajeren labarin da likita John Polidori ya fitar a 1819 ya mai da shi basarake mai shiga tarukan manya, littafin Dracula na Bram Stoker kuma a 1897 ya kawo shi Landan yana sayen gidaje ta hannun lauya. Tun daga nan halittar ta haɗa abu biyu da kake buƙata, wato jan hankali da iko.

Kada ka gauraya shi da maye ko aljani. Maye a tunanin Bahaushe mutum ne rayayye, maƙwabci ne ko ɗan uwa, wanda ake cewa yana da ƙanƙarar maita yana kama kurwa, kuma wannan zargi har gobe yana jawo wa bayin Allah duka da kora, wani lokaci ma da kisa. Marubucin da ya ɗauki tsohuwa mai jan ido a unguwa ya mai da ita mashayiyar jini yana ƙara wa wannan wuta itace ne, ko da bai yi nufi ba. Aljani kuwa halitta ce daban wadda addini ya tabbatar da ita, bai taɓa zama mutum ba. Ƙarfin labarin bamfaya yana cikin cewa shi dā mutum ne, yana da uwa da garinsu da sana'arsa, sai aka raba shi da mutuwa aka bar shi da yunwa. Shawarata ita ce ka bar shi a ƙasarsa, ka kafa labarin a birnin da ya dace da shi, idan kuma kana son idon Bahaushe a ciki sai ka kai Bahaushen can.

Mataki na biyu: ka rubuta dokokinsa a shafi guda

Babu doka ɗaya da duk marubuta suka yi ittifaƙi a kanta. A littafin 1897 mashayin jinin yana fita da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Mutuwa da hasken rana fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, ne ya yayata ta. Saboda haka kana da damar zaɓe, amma da zarar ka zaɓa ka ɗaure kanka. Kafin ka rubuta babi na farko, ka amsa waɗannan tambayoyi a rubuce: me rana ke yi masa, kuma cikin minti nawa, me ke kashe shi, ta yaya mutum ke zama irinsa, kuma ana iya yi masa haka ba da yardarsa ba, yana iya juya tunanin mutum ko goge masa abin da ya gani, yana iya shiga gidan da ba a yi masa izini ba, hotonsa yana fita a kyamara ko ba ya fita.

Kowane iko ka ba shi, ka rataya masa farashi. Idan yana goge tunani, to ya zama duk wanda aka yi wa sau uku hankalinsa ya fara taɓuwa, ta yadda ba za a mai da abin maganin kowace matsala ba. Raunin da ka ba shi ya fi ƙarfinsa amfani a gare ka, domin daga rauni ake samun ciniki da barazana da cin amana.

Mataki na uku: lissafin jini

A nan ne mafi yawan marubuta ke tsallakewa, kuma a nan ne siyasar labarin gaba ɗaya take kwance, don haka ka zauna da biro da takarda. Jikin babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma idan ya rasa lita 2 a lokaci guda rayuwarsa tana cikin haɗari. A Ingila ana ɗibar mililita 470 daga mai ba da gudummawar jini, namiji ba ya sake bayarwa sai bayan mako 12, mace kuma sai bayan mako 16. Jajayen ƙwayoyin jinin da aka ɗiba ana ajiye su a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6, kuma ba sa wuce kwana 35.

To, a ce a labarinka kowane mashayi yana buƙatar ledar jini ɗaya, wato abin da ake ɗiba daga mutum guda, a mako. Idan ba ya son ya kashe kowa, sai yana da aƙalla mutum 12 da yake zagayawa a kansu, gidan da ke da mashaya 50 kuwa yana buƙatar mutum 600. Idan kuma kisa suke yi, mashayi ɗaya zai bar gawa 52 a shekara, gidan nan kuma gawa 2,600, alhali kisan kai da 'yan sanda ke ƙirgawa a Landan gaba ɗayanta, birni mai mutum wajen miliyan 9, bai cika haura 150 a shekara ba a 'yan shekarun nan. Wannan lissafi kaɗai ya nuna maka cewa al'ummar mashaya jini ba za ta iya ɓoyuwa a birnin zamani ba sai tana da tsari: masu tara jini, masu dakonsa, likitocin da aka saye, masu ɓatar da gawa idan an yi kuskure, da kuma hukuma mai ƙayyade yawan waɗanda za a ƙara. Jini a wurinsu tamkar rijiya ɗaya ce a ƙauye da tsakiyar rani, wanda ke riƙe da guga shi ke da gari.

Daga nan rikici ke fitowa da kansa ba sai ka ƙirƙiro mugu mai dariyar ƙeta ba. Gidan da ya mallaki hanyar asibitoci yana samun abinci cikin rufin asiri, amma jinin leda ba ya daɗewa, don haka yajin aikin direbobi na mako biyu ko sabon tsarin ƙidaya a kwamfuta zai iya durƙusar da shi. Gidan da ke kiwon mutane masu bayarwa da yardarsu yana da abinci mai ɗumi, amma yana da bakuna 600 da kowannensu zai iya tona asiri. Matasan da ba su da rabo a ko'ina suna farauta a titi, su ne ke jawo hankalin 'yan sanda, su ne kuma sojojin duk wanda ya yi musu alƙawarin ƙoshi. Kowane ɓangare yana da hujjar da mai karatu zai saurara ya ce akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma abin da ake so ke nan.

Mataki na huɗu: ka san birninka da dare

Zan ɗauki Landan misali saboda ta dace da halittar kuma bayananta suna da sauƙin samu. Abu na farko da marubucin da ya tashi a Kano ko Damagaram zai iya mantawa shi ne tsawon dare. A wurinmu bambancin da ke tsakanin dare mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai kai awa 2 ba. A Landan kuwa, a ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, ba ta fitowa sai wajen 8 na safe, wato dare na awa 16. A ƙarshen Yuni ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare, ta kuma fito kafin 5 na asuba, dare bai cika awa 8 ba. Ga halittar da rana ke ƙonawa, wannan shi ne kalandar siyasa. Hunturu lokacin yaƙi ne da taron fada, bazara kuma lokacin da manya ke kulle a ɗaki suna dogaro da barorinsu mutane, don haka juyin mulki mai wayo a watan Yuni ake shirya shi, da hannun waɗanda ke iya tafiya da rana. Masoya ma haka: soyayyar da ta fara a Nuwamba da dogayen darare za ta shiga ƙunci idan Mayu ya zo.

Kogin Tems ya raba birnin arewa da kudu, kuma ruwansa yana hawa da sauka tare da teku sau biyu a yini. Tsohuwar dokar da ke cewa mashayin jini ba ya ƙetare ruwa mai gudu sai a lokacin da ya tsaya cik tsakanin hawa da sauka za ta ba ka iyaka tsakanin masarautu biyu, da kuma agogon da ke matsa wa duk wanda ya ƙetare lamba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1863, yana nufin akwai ramuka da tsofaffin tashoshi inda rana ba ta kaiwa. Tarihin birnin kuma shi ne ƙwaƙwalwar tsofaffin jarumanka: annobar 1665, gobarar 1666, ruwan bama-baman Jamus na 1940 zuwa 1941, da daren Maris na 1970 da jama'a suka yi cincirindo a maƙabartar Haiget suna neman bamfaya saboda jita-jitar da jaridu da talabijin suka yaɗa. Sarauniyar da ta ga wannan dare da idonta tana da dalilin tsananta dokar sirri fiye da yaron da aka mayar mashayin jini a bara.

Kada ka manta da takardu. Fasfon babban mutum a Birtaniya shekara 10 yake yi, kyamarori sun cika tituna da tashoshi, kuma fuskar da ba ta tsufa matsala ce babba ga wanda ke da gida da asusun banki. Wanda ke iya samar wa mashaya sabon suna duk bayan shekara 30 yana da ƙarfin da ya kai na mai takobi, kuma mai yiwuwa shi mutum ne ba mashayi ba.

Mataki na biyar: gina fada

A nan marubucin Hausa yana da jarin da ba kowa ke da shi ba, domin mun san sarauta daga ciki. Mun san bambancin mai riƙe da kujera da masu ɗora shi a kai, kamar yadda Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ke zaɓen sarki a Kano. Mun san ƙarfin bafaden da ke da kunnen sarki, da na uwar gida da ba ta fitowa zaure amma ba a yanke magana sai da ita. Wanda ya karanta tarihin basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya ga yadda naɗi guda da wasu suka ga an yi musu rashin adalci a cikinsa ke raba gida ɗaya gida biyu. Ba sai ka kwafi sunayen sarautunmu ka liƙa wa Turawa ba. Fahimtar yadda abin ke aiki ita za ka ɗauka.

Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata ka gina komai a kansa. Mu muna cewa sarki goma zamani goma, saboda mutuwa tana buɗe hanya, yarima yana iya haƙuri ya jira. A fadar mashaya jini sarki ɗaya ne ke cinye zamani goman. Magajin da ya shekara 200 yana jira ya san cewa jiran ba shi da ranar ƙarewa, don haka babu wata hanyar canjin mulki sai kisa ko tawaye ko tilasta murabus, kuma mai mulki ya san haka game da duk wanda ke durƙusa masa. Wannan ne ya sa biyayya a irin wannan fada ba ta tsayawa kan amana, sai an ɗaure ta da wani abu: bashin alheri da ake rubutawa a littafi ana bin sa bayan shekara 100, ko igiyar jini da ke tsakanin wanda ya mayar da wanda aka mayar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a nan mai bin bashin ba ya mutuwa balle a yafe.

Iko uku sun ishe ka a littafi na farko: ikon raba wuraren abinci, ikon ba da izinin mayar da sabon mutum, da ikon hukunta wanda ya tona asiri. Ka raba su a hannu daban-daban don kada kowa ya iya motsi shi kaɗai. Jarumai masu suna a fada kada su wuce biyar ko shida, kowanne ka san abin da yake so, abin da yake tsoro, da wanda yake bin sa bashi.

Mataki na shida: masoyan

Tambaya mafi wuya ita ce me ya sa ita. Halittar da ta shekara 300 ta ga kyawawa iri-iri ta kuma binne su, don haka dara-daran idanu da dogon gashi ba za su isa hujja ba, haka ma ƙamshin jini na musamman, wanda an yi ta amfani da shi har ya gaji. Ka ba ta matsayi a cikin lissafin da ka yi a mataki na uku. A ce 'yar Zariya ce da ke aikin dare a ma'ajiyar jini ta wani asibiti a kudancin kogi, kamar yadda 'yan Najeriya da yawa ke aikin lafiya a Ingila. Ƙarfe 3 na dare ta buɗe firji, sanyi ya bugi fuskarta, tana bin ledoji da na'urar karanta lamba ɗaya bayan ɗaya, sai ta lura cewa ledoji shida da kwamfuta ta ce an zubar saboda sun kwana 35 har yanzu saura musu mako guda, kuma sa hannun da ke kan takardar na mutumin da ya bar aiki tun bara ne. Ta ɗauki hoton takardar da wayarta. Daga wannan minti ta zama matsalar siyasa, tun kafin ta zama abar so. Shi kuma wazirin gidan mashaya na arewacin kogin ne, an turo shi ya gano abin da ta sani, domin satar ta gidan kudu ce kuma hujjar da ke wayarta za ta iya tuɓe sarkinsu.

Me ya sa shi, ita ma tambaya ce da ke buƙatar amsa ta gaskiya. Mace mai hankali da sana'a ba za ta faɗa wa mai shan jinin mutane don yana da kuɗi da sanyin murya ba. Wataƙila shi ne na farko a wannan birni da ya gaya mata gaskiya alhali ƙarya ta fi masa sauƙi, wataƙila kuma ta ga yana ƙirga mutanen da ya cutar da sunayensu ba ya yafe wa kansa.

Sannan ka fuskanci rashin daidaiton da ke tsakaninsu ido da ido, kada ka lulluɓe shi da kalaman soyayya. Ya fi ta ƙarfi, ya fi ta shekaru, ya fi ta dukiya, kuma jikinsa yana ganin ta a matsayin abinci. Idan yana da ikon juya tunani, to duk wani "ina son ka" da ta faɗa abin tuhuma ne har sai labarin ya tabbatar bai taɓa amfani da ikon a kanta ba, ko kuma ya yi sau ɗaya ta gano, ya biya farashi mai tsanani. Ina ƙin labarin da ke nuna bibiya da leƙen asiri da hana mace fita a matsayin zurfin ƙauna, domin 'yan mata masu ƙananan shekaru suna cikin masu karanta mu, kuma abin da muka yi wa ado suna iya ɗaukarsa abin koyi. Ka ba ta makamin da shi ba shi da shi: tana da rana, tana da hujja, tana da ƙofar da ba ya iya shiga sai ta ce.

Idan ka yi ta Musulma, ka ɗauki imaninta da muhimmanci. Alƙur'ani ya haramta cin jini a fili, saboda haka tayin a mayar da ita ya wuce batun rabuwa da hasken rana, batu ne na lahirarta, kuma kiran sallar asuba a wayarta shi ne lokacin da dole ya tafi. Keɓewa da namijin da ba muharraminta ba ma abu ne da za ta ji nauyinsa. Wannan kamun kai ba ya rage wa labari zafi, yana ƙara masa ne. Abin da zan hana ka shi ne mai da ayoyi kayan faɗa kamar yadda finafinan Turawa ke yi da gicciye, domin masu karatunka ba za su ɗauke shi wasa ba, kuma suna da gaskiya.

Mataki na bakwai: ɗaure zaren biyu wuri guda

Ka ja layi a tsakiyar takarda, hagu ka rubuta matakan soyayya, dama ka rubuta matakan rikici, sannan ka tabbatar kowane abu na hagu shi ne sanadin na dama ko sakamakonsa. Ya ɓoye wa sarauniyarsa cewa akwai hoto a wayar, wannan alamar so ce kuma cin amanar fada ce. Ta ba shi jininta don ya warke daga rauni, wannan sadaukarwa ce kuma a dokarsu ta zama mallakin gidan arewa alhali tana zaune a ƙasar kudu. Ga yadda dokar izinin shiga gida kaɗai za ta iya ɗaukar nauyin duka biyun:

Ya tsaya a bakin ƙofa, tsinin takalminsa daidai kan dokin ƙofar, bai ƙara ko taƙi ba. Agogon bangon ɗakinta ya nuna saura minti 40 rana ta fito, kogi kuma ba zai tsaya ba sai ƙarfe 7.

"Malama, ba zan roƙe ki ba," ya ce. "Amma kafin ki buɗe baki ki san abin da za ki faɗa. Idan kika ce in shigo, ba ni kaɗai kika yi wa izini ba. Duk wanda jininmu ɗaya da shi ya samu hanya, har da wadda ta aiko ni."

"Idan kuma na yi shiru fa, Yallaɓai?"

"Sai in nemi rami kafin gari ya waye. Mutanen kudu sun san duk ramukan da ke unguwar nan."

Ta dubi hannunsa da ke riƙe da ƙarfen bene, ta ga yana rawa.

A wannan ɗan fage ba a ambaci so ba ko sau ɗaya, amma ya gaya mata gaskiyar da za ta iya kashe shi, ita kuma duk amsar da ta bayar za ta sauya taswirar birnin. Ka lura da yadda suke kiran juna. Ranar da "Yallaɓai" ya faɗi daga bakinta ta kira sunansa, mai karatun Hausa zai ji abin da ya faru ba sai an yi masa bayani ba, haka kuma ranar da waziri ya tsaya gaban sarauniya ya ƙi cewa "ranki ya daɗe" kowa a zauren ya san an ja daga.

Gwajin kowane babi ɗaya ne: idan za a iya cire shi ba tare da ɗaya ɓangaren ya ji a jikinsa ba, to a sake shi ko a jefar. Ga mai sakin labari kullum a waya, wannan yana nufin ka gama tsara takardar nan kafin ka saki shafin farko, saboda masu sharhi za su matsa maka ka ƙara zaman masoya, kuma idan ba ka da taswira za ka wayi gari a shafi na 60 fada ta ɓace.

Mataki na takwas: ka zaɓi ƙarshe tun da wuri

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ko a mayar da ita, ko ta zauna mutum ta tsufa yana kallo, ko su rabu. Maganin da ke mai da shi mutum a babi na ƙarshe ba tare da an shuka shi tun farko ba yaudarar mai karatu ce, domin ya share duk farashin da aka yi ta biya.

Idan mayarwa ka zaɓa, izinin yana hannun fada, saboda haka sai ya ci yaƙin ko ya sayar da wani abu mai tsada kafin ya samu, ita kuma sai mun ga abin da ta bari: mahaifiyarta da ke jiran ta zo gida da salla, aikinta, da alƙiblarta. Ga jarumar da na zana a sama, ban ga yadda za ta karɓi wannan tayi ta kuma ci gaba da zama matar da muka sani ba, don haka ni hanya ta biyu ko ta uku zan bi da ita. A ta biyu, dole sulhun da aka ƙulla tsakanin arewa da kudu ya ƙunshi sunanta a rubuce, da sharaɗin cewa babu mai taɓa ta muddin hoton nan yana ajiye a wurin wanda zai fitar da shi idan ta ɓace, kuma wannan mutum sai mai karatu ya san shi tun kashi na farko na littafin. A ta uku, rabuwar ta zama ita ce kuɗin da aka biya aka sayi zaman lafiyar birnin, ita ce kuma za ta yanke shawarar da kanta ta sanar da fada, da rana tsaka idan zai yiwu, ta hanyar wasiƙar da wani bara mutum zai kai, a watan Yuni lokacin da babu ɗayansu da zai iya fitowa ya hana ta hawa jirgi.